Kan jirgin ƙasa mai dizal: yadda yake aiki, yadda yake tsufa da yadda ake adana shi

Wanda ya tashi a Hajara ko wata unguwa ta birnin Sabha bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa a garinsu ba. Haka shi ma na Agadas ko Damagaram. Amma tarihin waɗannan garuruwa yana ɗaure da layin dogo. Lokacin da dogo ya isa Kano a 1911, fata da sauran hajojin da ayarin raƙuma ke bi da su ta Gat da Murzuk zuwa Tarabulus sai suka juya kudu, suka nufi tashar jiragen ruwa ta Legas. Tafiyar da ke cin watanni ta koma ta 'yan kwanaki, kuma cinikin Sahara bai sake komawa yadda yake ba.

Jiragen da suka yi wannan aiki da farko masu kwal da tururi ne. Daga 1955 masu dizal suka fara karɓar ragamar, kuma a ƙasar Hausa suka fara, tsakanin Zariya da Kano. Yau da yawa daga cikin waɗannan kawuna sun gama aiki. A daidai lokacin da ake shimfiɗa sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, tambayar da ke gaban hukumomi da masu kishin tarihi ita ce: wanne za a ajiye wa 'yan baya, wanne kuma za a bar wa 'yan gwangwan?

Mene ne kan jirgi?

Jirgin ƙasa kashi biyu ne. Akwai taragai masu ɗaukar mutane ko kaya, waɗanda ba su da injin tafiya. Akwai kuma kan jirgi, wanda ke jan su. A cikinsa injin yake, a cikinsa direba da mataimakinsa suke zama, daga nan kuma ake sarrafa birkin jirgin gaba ɗaya.

Man da yake sha yana da suna iri-iri gwargwadon wuri. A Najeriya ana ce masa gas ko dizal, a Nijar gazuwal, a Libiya nafta. Sunan dizal ya samo asali daga Rudolf Diesel, injiniya ɗan ƙasar Jamus da ya kammala injinsa na farko mai aiki sosai a 1897.

Bambancin injin dizal da na fetur shi ne ba ya buƙatar fulogi. Fistin yana matse iska a cikin silinda har ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sannan a fesa mai a cikinta, ya kama da kansa. Wannan matsi mai yawa shi ya sa injin dizal yake da nauyi da ƙarfi, kuma yake cin mai kaɗan idan aka kwatanta da aikin da yake yi.

Yadda yake aiki

Mafi yawan manyan kawunan dizal ba su da giya irin ta mota. Babu kuloci, babu sandar da ke kai ƙarfin injin kai tsaye zuwa ƙafafu. Injin yana juya babban janareto ne, janareton ya samar da lantarki, lantarkin ya bi wayoyi zuwa wasu motoci masu aiki da lantarki da ke maƙale a jikin sandunan ƙafafu. Waɗannan motoci su ne ke juya ƙafafun. A taƙaice, kan jirgi ƙaramar tashar lantarki ce da ke tafiya a kan dogo.

Akwai dalilin wannan zagaye. Injin dizal ba ya iya tashi daga tsaye da kaya mai nauyin tan ɗaruruwa a bayansa; mutuwa zai yi. Motar lantarki kuwa ta fi ba da ƙarfi a daidai lokacin da take fara juyawa. Haɗa su biyu ya ba da damar tayar da dogon jirgi a hankali, ba tare da fizga ba.

Sauran muhimman sassa sun haɗa da lagireto da fankarsa masu sanyaya injin, matatun iska da na mai, batura masu tayar da injin, na'urar da ke sarrafa birki, da akwatin yashi. Yashin ana zuba shi a kan dogo a gaban ƙafafu idan ruwan sama ko mai ya sa ƙarfe yana sulɓi a kan ƙarfe.

Nauyi ma yana da ƙa'ida. Kowane layi yana da iyakar nauyin da sandar ƙafa ɗaya za ta ɗora masa. Layin da aka shimfiɗa da siraran ƙarafa, ko mai tsofaffin gadoji, ba ya ɗaukar kai mai nauyi. Shi ya sa ake ƙara wa wasu kawuna ƙafafu, don a raba nauyin.

Dalilin da ya sa aka fara daga Zariya zuwa Kano

Kan jirgi mai tururi yana da buƙatu biyu: kwal da ruwa. A Najeriya kwal daga Inugu yake fitowa, inda aka gano shi a 1909. Kafin ya kai Kano sai an ja shi ɗaruruwan kilomita a cikin taragan da za su iya ɗaukar wani kaya. Ruwa kuma ya fi kwal wahala, domin duk kilo ɗaya na kwal da aka ƙona yana mayar da ruwa kilo da dama tururi. Dole jirgi ya riƙa tsayawa a tashoshi yana shan ruwa.

A kudu wannan ba matsala ba ce. A arewa kuwa rani yana ɗaukar wata shida zuwa bakwai, rafuka su ƙafe, rijiyoyi su ja baya. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne lokacin da ruwa ya fi ƙaranci shi ne lokacin da aiki ya fi yawa. Ana cire gyaɗa da kaka, a saye ta, a tara ta, sannan a yi ta jigilarta cikin rani.

Dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita tana da fuska biyu. Shaida ce ta arzikin noma da ƙoƙarin 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Shaida ce kuma ta cewa layin dogo ya kasa kwashe amfanin gona da wuri. Buhunan da ke jiran tarago su ne ake jerawa su zama dala. Ba gyaɗar Najeriya kaɗai ba ce: ta Maraɗi da Damagaram ma ta daɗe tana bin Kano kafin ta kai teku.

Kan dizal ya warware rabin wannan matsala. Ruwan da yake buƙata na lagireto ne kawai, wanda ke zagayawa a cikin injin. Yana amfani da kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da ke cikin mai, alhali mai tururi da wuya ya kai kashi 10. Ana tayar da shi cikin mintuna, shi kuwa mai tururi sai an shafe sa'o'i ana hura wuta kafin ya motsa.

Kawuna goma na 1955

A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, kamfanin English Electric na Ingila ya kawo kawuna goma masu dizal. An ba su lambobi daga 1001, shi ya sa ake kiran su rukunin 1001. Su ne kawunan dizal na farko da suka hau babban layin ƙasar, kuma an fara da su a tsakanin Zariya da Kano, tazarar kusan kilomita 140, saboda ƙarancin ruwa a yankin.

Idan aka gwada su da na yau, ƙanana ne. Injinsu mai silinda shida ne, faɗin kowace silinda inci 10, ƙarfinsa na doki 750. Suna da sandunan ƙafa huɗu, biyu gaba biyu baya, kowacce da motarta ta lantarki. An ƙera su daidai da faɗin layin Najeriya na wancan lokaci, wato milimita 1,067 tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

Kamfanin bai ƙera wa Najeriya kaɗai irinsu ba. Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, ta sayi irinsu a daidai wannan zamani. Kafin nan kuma, a farkon shekarun 1950, New Zealand ta karɓi guda 15 masu kama da su ƙwarai, da injin iri ɗaya, waɗanda can ake kira rukunin DE. Wannan dangantaka tana da muhimmanci idan aka zo batun adanawa.

Zuwan waɗannan kawuna ya sauya aikin reluwe. Mai zuba kwal a murhu ya rasa aikinsa na asali, ya zama mataimakin direba. Maƙera da masu gyaran tukunyar tururi suka fara ba wa masu aikin lantarki da kanikawan dizal wuri. Zariya, wadda dama mahaɗar layukan Kano da Ƙaura Namoda da Kaduna ce, ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyin gyaran dizal, tare da Ebute Metta a Legas da Inugu.

Waɗanda suka biyo baya

Da gwajin ya yi kyau, sai aka ci gaba da saye. A 1958 aka kawo guda 25 na kamfanin General Motors na Amurka. A 1966 aka kawo guda 29 daga Ingila masu injin Sulzer, waɗanda ake kira rukunin 1401. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar kwal ɗin Inugu, abin da ya ƙara gaggauta barin tururi. A farkon shekarun 1970 kamfanin MLW na Kanada ya kawo guda 54, Hitachi na Japan ma ya kawo nasa, daga baya General Electric ya shigo.

A tsakiyar shekarun 1960 reluwe tana kan ganiyarta. An kammala layin Maiduguri a 1964, tsawon layukan ƙasar ya kai kilomita 3,505. A wannan shekara jiragen sun ɗauki fasinjoji fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Zuwa 2003 fasinjojin sun ragu zuwa kusan miliyan 1.6.

An yi yunƙurin farfaɗowa sau da yawa. Daga 1979 zuwa 1982 an damƙa gudanar da hukumar ga kamfanin RITES na Indiya. A 1995 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin CCECC na ƙasar Sin, wadda ta kawo kawuna 50 da aka ƙera a Dalian. A 2010 aka sayo 25 na General Electric, sannan a watan Disamba na 2012 aka dawo da jigilar fasinja tsakanin Legas da Kano, tazarar kilomita 1,126.

Wannan jeri yana nuna wata matsala. Kawunan sun fito daga ƙasashe daban-daban, kowane da injinsa, da kayan gyaransa, da littafin koyarwarsa. Bakaniken da ya ƙware a kan Sulzer sai ya sake koyon MLW. Ɗakin ajiya kuma sai ya tanadi safaya kala-kala, waɗanda duk da kuɗin waje ake sayo su.

Abokan gabar kan jirgi a Sahel

Idan ana kula da shi, kan dizal yana iya yin shekara 30 zuwa 40 yana aiki, wani ma ya wuce haka idan an sake masa injin. Sirrin shi ne gyara a kan lokaci. Akwai dubawar kullum: baƙin mai, ruwa, birki, yashi, fitilu. Akwai ta wata-wata, inda ake canza matatu a duba motocin lantarki. Bayan wasu shekaru kuma akan kai shi babban wurin gyara, a ɗaga gangar jikin, a warware injin gaba ɗaya, a gyara bakin ƙafafun da dogo ya cinye.

A ƙasar Hausa da Sahara akwai abubuwa uku da ke rage masa kwana. Na farko ƙura. Ƙurar hunturu tana da laushi, tana ratsa matatar da ta tsufa, ta shiga silinda ta haɗu da mai, ta riƙa cin ƙarfe kamar sanfefa. Tana kuma taruwa a cikin motocin lantarki, ta hana su shan iska.

Na biyu zafi. A watannin bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, lagireto yana aiki a iyakar ƙarfinsa. In ƙura ta toshe shi, ko aka zuba masa ruwa mai gishiri da kanwa, sai injin ya ɗauki zafi, kan silinda ya tsage.

Na uku shi ne layin kansa. Dogon da ya lanƙwashe ko ya zaizaye yana girgiza kan jirgi, ya sassauta kusoshi, ya fasa ƙarafan ƙasa. Da damina kuma ambaliya tana wanke ƙasar da ke ƙarƙashin dogo.

Ana iya shawo kan waɗannan duka, kuma Muritaniya ta nuna haka. Layin da ya haɗa ma'adinan ƙarfe na Zuwerat da tashar ruwa ta Nuwadibu, mai tsawon kilomita 704, yana aiki a tsakiyar hamada tun 1963. Jiragensa suna kai tsawon kilomita biyu da ɗoriya, kuma kawunan da ke jan su an ƙera su da matatu na musamman saboda yashi. Akwai kuma ma'aikatan da aikinsu shi ne share rairayin da iska ke tarawa a kan dogo.

Yadda kan jirgi ke mutuwa

Da wuya kan jirgi ya mutu rana ɗaya. Yawanci wani ƙaramin abu ne ke lalacewa, a ajiye shi a gefen layi ana jiran safaya. Kafin safayar ta zo sai wani kan ya lalace, a zo a ciro abin da ake buƙata daga wanda ke ajiye. Yau an cire famfon mai, gobe batura, jibi motar lantarki. Bayan shekara biyu ko uku, wanda aka ajiye saboda abu ɗaya ya rasa abu ashirin.

Ga ma'aikatan gyara wannan dabara ce ta dole, domin gara ɗaya ya tsaya biyu su yi tafiya. Amma a ƙarshe rukuni guda yana iya ƙarewa ta wannan hanya.

Daga nan sai ɓarayin jan ƙarfe. Janareto da motocin lantarki da manyan wayoyi cike suke da jan ƙarfe, wanda ke da tsada a kasuwar gwangwan. Kan da aka yashe wa jan ƙarfe da wuya ya sake tashi. Abin da ya rage shi ne ruwan sama ya shiga ta bututun hayaƙi, injin ya cije da tsatsa, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsa, a ƙarshe a yi gwanjonsa a yanka shi da wuta a sayar da kilo.

Inda aka yi nasarar adanawa

A New Zealand an daina amfani da rukunin DE a shekarun 1980. Kafin a yanka su, ƙungiyoyin masu sha'awar jirgin ƙasa suka nemi a sayar musu ko a ba su. Da yawa daga cikin 15 ɗin sun tsira. Akwai su a Glenbrook kusa da Auckland, da Silver Stream kusa da Wellington, da Ferrymead a Christchurch. 'Yan sa-kai ne ke kula da su, cikinsu har da tsofaffin ma'aikatan reluwe, kuma kuɗin tikitin masu yawon buɗe ido yana taimakawa wajen gyara. Wanda ke son ya ga irin injin da ya fara jan gyaɗa daga Kano ba tare da kwal ba, zai same shi a can.

Misali na kusa shi ne Saliyo. An rufe layin dogon ƙasar a 1974. Wasu kawuna da taragai sun rage a cikin tsohon wurin gyara da ke Cline Town a Freetown, suka tsallake yaƙin basasar 1991 zuwa 2002. A 2005 aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihin jirgin ƙasa na ƙasa. A ciki akwai masu tururi, akwai masu dizal na kamfanin Hudswell Clarke na Ingila, da taragon da aka ƙera domin ziyarar Sarauniya Elizabeth ta 1961. Abin da ya cece su shi ne rufi a sama.

A Najeriya ma akwai ƙoƙari. Ƙungiyar Legacy 1995 tana kula da Jaekel House a harabar reluwe ta Ebute Metta, gidan da aka gina a 1898, wanda aka sa wa sunan Francis Jaekel, tsohon jami'in reluwe da ya rubuta tarihin layin dogon Najeriya. An mayar da gidan ƙaramin gidan tarihi mai hotuna da kayan aiki. A gidan tarihi na Jos kuma akwai kawunan tururi na ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957.

A ko'ina a duniya mai tururi ya fi saurin samun masu ceto, saboda tsufansa da kwarjininsa. Mai dizal kuwa ana yi masa kallon tsohuwar na'ura kawai, har sai an waiwaya an ga babu ko ɗaya.

Matakan adana kan jirgi

Adanawa iri biyu ce. Akwai ta kallo, inda ake gyara jikin kan a ajiye shi wuri ɗaya. Akwai kuma ta aiki, inda ake so ya riƙa tashi yana jan taragai lokaci-lokaci. Ta biyun ta fi tsada nesa ba kusa ba, domin tana buƙatar layi, da kanikawa, da safaya, da izinin hukuma. Ga wanda ke farawa, ta farko ita ce mai yiwuwa, matuƙar an yi ta yadda ba za ta rufe ƙofar ta biyun ba.

Mataki na farko shi ne zaɓe. Ba duka za a ajiye ba. Ana duba wanda ya fi cika da kayansa, ko na farko a rukuninsa, ko wanda ya yi wani aiki na tarihi. Sai a samu takarda daga mai shi, wato hukumar reluwe, a cire lambarsa daga jerin na gwanjo. In babu wannan takarda, duk sauran ƙoƙari yana iya tafiya a banza.

Na biyu shi ne tsaro da rufi. Rumfar kwano da shinge da mai gadi sun fi fenti muhimmanci. Busasshiyar iskar arewa tana rage tsatsa, wannan kuwa falala ce da Legas da Freetown ba su da ita. Amma rana tana ƙona fenti, ta busar da roba da rigar wayoyi.

Na uku shi ne kare injin. A toshe bututun hayaƙi da mashigar iska. A zubar da ruwan lagireto. A cire batura. A zuba mai a cikin silinda, a riƙa juya injin da hannu lokaci-lokaci don kada ya cije. A riƙa matsar da kan gaba ko baya kaɗan, don kada nauyi ya zauna wuri ɗaya a kan ƙafafu.

Na huɗu shi ne lafiyar masu aikin. Tsofaffin kawuna da yawa suna ɗauke da asbestos, wani abu mai kama da auduga da ake naɗe bututu masu zafi da shi. Shaƙar ƙurarsa tana jawo mummunar cutar huhu bayan shekaru. Tsohon fenti kuma yakan ƙunshi dalma. Bai kamata a bar yara ko 'yan sa-kai su kankare su ba tare da kariya ba.

Na biyar, wanda aka fi mantawa, shi ne takardu da mutane. Kowane kai yana da littafin da ake rubuta tafiyarsa da gyaransa, da allon ƙarfe mai ɗauke da sunan kamfani da shekarar ƙira. Akwai kuma tsofaffin direbobi da kanikawa a Zariya da Kano da Kafanchan da Gusau da Nguru, waɗanda suka san halin kowane kai, da inda yake wahala a hawa, da irin ƙarar da yake yi in zai lalace. Wayar hannu ta isa a naɗi bayaninsu. Ƙarfe yana iya jira shekara goma a ƙarƙashin rumfa, dattijo kuwa ba shi da wannan tabbas.

Nijar da Libiya

Nijar ta daɗe tana da hannu a layin dogon da bai shigo ƙasarta ba. A 1959 ita da Dahomey, wato Benin ta yau, suka kafa hukumar haɗin gwiwa wadda daga baya aka sani da OCBN, wadda ta riƙa gudanar da layin Kwatano zuwa Faraku, kilomita 438. Daga Faraku manyan motoci suka riƙa ƙarasa da kaya. A 2014 kamfanin Bolloré na Faransa ya fara shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Doso, kusan kilomita 140, aka ƙaddamar da shi a farkon 2016, amma bai shiga jigilar yau da kullum ba. Darasin a nan shi ne kan jirgin da ba ya aiki yana lalacewa ko da sabo ne.

Libiya ta taɓa samun layin dogo. Italiyawa sun fara shimfiɗa shi a Tarabulus a 1912, daga baya suka yi wasu a kewayen Bengazi, duka ƙanana masu faɗin milimita 950. An rufe na ƙarshe a 1965. A 2008 gwamnatin Mu'ammar Gaddafi ta ba wani kamfanin gine-ginen layin dogo na ƙasar Sin aikin layi mai kusan kilomita 800 daga yankin Misrata zuwa Sabha, musamman saboda ma'adinin ƙarfe na Wadi Shati. Rikicin 2011 ya tsayar da aikin.

Abin da sabon layi zai jawo

Sababbin layukan Najeriya ana yin su ne da faɗin milimita 1,435. Haka layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 yake, haka na Legas zuwa Ibadan na 2021. Haka kuma na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kusan kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal, kuma zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

Tsohon kai mai faɗin milimita 1,067 ba zai iya hawa wannan layi ba. Duk inda sabon layi ya karɓi aiki, tsofaffin kawuna da wuraren gyaransu za su zama ba su da amfani ga hukuma, filayensu kuma su shiga idon masu gine-gine. A irin wannan lokaci na sauyi ne ƙasashe da yawa suka rasa kayan tarihinsu na reluwe, a irinsa ne kuma New Zealand ta ceci nata.

Zariya tana da abubuwan da irin wannan aiki ke buƙata: tsohuwar harabar reluwe, da Jami'ar Ahmadu Bello mai sashen injiniya da na tarihi, da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da aka kafa a 1986, da tsofaffin ma'aikata. Kano tana da Gidan Makama da tsohuwar tasharta. Kai ɗaya da aka zaɓa, aka yi masa takarda da rumfa, aka ajiye littafinsa da muryar direbansa a gefensa, zai isa ya nuna wa ɗalibin da zai hau sabon jirgi daga Maraɗi irin na'urar da ta ja gyaɗar kakanninsa zuwa teku.